Gonakin Bayan Ganuwa: Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Hanyar Mayaƙa

Yaron da aka haifa a Kano bayan 1980 da wuya ya yarda idan aka ce masa Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ce a da. Abin da ya buɗe ido ya gani shi ne Titin Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano da shagunan Court Road da cunkoson Adaidaita Sahu a Dangi. A Tarauni kuwa kasuwa ya sani, da maƙabarta, da 'yan waya na Farm Centre. Amma kakanninsa sun san wuraren nan biyu a matsayin garuruwan manoma, masu rumbuna a tsakar gida da turken jaki a ƙofar gida, da gonaki da suka miƙe tun daga gindin ganuwa har suka doshi kogin Challawa. Mutumin Tarauni in zai je Kasuwar Kurmi cewa yake zai shiga birni, da la'asar kuma ya ce zai koma gida.

Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce. Dala da Gwauron Dutse suna can cikin ganuwa, nan kuwa babu dutsen da za a hau, babu dajin da za a ɓuya. Jigawa ce mai rairayi, mai sauƙin huɗa da garmar hannu, mai saurin shan ruwa da saurin bushewa. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, ruwan da ake samu kuma bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba a shekarar da Allah ya yi albarka. Tudun da birnin yake kai ya raba ruwan sama gida biyu: na arewa ya bi Jakara, na kudu ya gangara ta rafin Tatsawarki ya faɗa Challawa a wajen Tamburawa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna ɓangaren kudu. Yau Tatsawarki ta zama babbar kwata mai kwasar dauɗar unguwanni da ta masana'antu, amma a bakinta ne mutanen da suka gabata suke samun danshin da za su yi lambu da rani.

Irin wannan ƙasa ba ta jure noma shekara da shekaru sai da taimako, kuma taimakon daga birni yake zuwa. Da kaka ta wuce, manomi zai ɗaura wa jakinsa mangala da sassafe, ya ɗora itace ko kara ko harawa, ya shiga ta Ƙofar Nassarawa ko ta Ɗan Agundi ya sayar. Ba ya dawowa da mangala fayau. Zai bi lunguna ya cika ta da toka da kashin awaki da sharar gidaje, ya kawo gona ya juye tsibi-tsibi, tazarar 'yan taku tsakanin wannan da wancan, su zauna nan cikin rana har ruwan farko ya sauka a baje su. Haka ake yi kullum har rani ya fita. Da wannan taki ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba: gero da dawa a kunya ɗaya, wake a tsakani, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsaitsaye cikin gonar, kowace bishiya da mai ita. Lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin kewayen Kano a shekarun 1960, ya tarar da ɗaya daga cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, wadda kuma ƙasarta ba ta mutu ba. Polly Hill ma ta zauna a wajen Ɗorayi, yamma kaɗan da nan, ta rubuta littafi a kan yadda masu ƙananan gonaki suke haɗa noma da sana'a don su kai ƙarshen shekara. Ni a ganina wannan zirga-zirgar jaki tana cikin manyan hikimomin da Kanawa suka ƙago, ko da yake ba a yi mata kirari kamar rini da dukanci.

Kusancin da ya ciyar da ƙauyukan nan shi ne kuma ya jefa su a bakin wuta. Ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ga fili mai yawa a cikinta babu gini, gonaki ne da kududdufai. Da gangan aka yi haka, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami inda za a saukar da mutanen karkara da dabbobinsu, a kuma sami abin ci. Wato manomin bayan ganuwa yana da mafaka, amma shi da iyalinsa da abin da jaki zai iya ɗauka kawai. Rumbu ba ya tafiya. Hatsin da ke tsaye a gona ba ya tafiya. Rundunar da ta zo ta kasa fasa ganuwa ba ta komawa hannu rabbana; dawakinta za su ci dawar da ta tarar, mayaƙanta su fasa rumbuna, su cinna wa danga wuta, wanda ya makara a hanya kuma a ɗaure shi a tafi da shi. Ko rundunar gida ce za ta fita, a filayen bayan gari take taruwa, kuma talakan da ke kusa shi zai ba da harawa da hatsi da 'yan ɗauko.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a son faɗa. Manyan gonakin sarauta da suka kewaye birnin a ƙarni na 19, irin su Gandun Nassarawa da Gandun Albasa da na Ɗorayi da Fanisau, bayi ne suke noma su, bayin nan kuwa yaƙi ne ya kawo akasarinsu. Gandun Albasa maƙwabciyar Gyaɗi-Gyaɗi ce ta ƙut da ƙut. Saboda haka a fili ɗaya ana iya samun manomin da yake tsoron kada mahara su kama shi, da wanda an riga an kamo shi daga wata ƙasa yana noma gonar wani. Duk wanda zai rubuta tarihin yankin da gaskiya sai ya ba su biyun wuri.

A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, barazanar kudu daga Ningi take fitowa. Ningawa sun addabi ƙasashen Rano da Birnin Kudu da Sumaila, sarki kuma ya sha fita da kansa yana yaƙarsu. Daga arewa akwai Maraɗi, daga baya kuma Damagaram, wadda a ƙarshen ƙarnin rundunarta ta iso har wajen Gezawa. Amma abin da ya fi girgiza kewayen birni daga cikin gida ya taso. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi, da Yusufu a gaba, suka ƙi mubaya'a, suka fice suka kafa sansani a Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Hanyar Takai ta Wudil take bi, kudu maso gabas da birni, wato ta gefen da Tarauni da Hotoro suke. Yusufawa sun kawo hari suka kasa shiga, suka koma suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Yusufu ya rasu a Garko, ƙaninsa Alu ya karɓi tuta, ya ci birnin a 1894. Tukur ya fita ta arewa, aka gama da shi a Tafashiya a 1895.

Littattafai sun kawo sunayen hakiman da suka bi Tukur da waɗanda suka bi Yusufu, da wanda aka tuɓe da wanda aka naɗa. Ka yi tunanin dagacin ƙaramin gari da ke tafiyar ƙasa da sa'a guda daga ƙofar birni. In ya ba Yusufawa hatsi, gobe barori daga fada za su zo su tuhume shi. In ya hana, yau za a ƙone garinsa. A yaƙin nan an bautar da Musulmi 'ya'ya, abin da shari'ar da daular Sakkwato ta tsayu a kai ta haramta, kuma mafi yawan waɗanda abin ya faɗa wa ba su da hannu a rigimar gadon sarauta.

Shekara tara bayan shigar Alu, wata runduna, ta Turawan Ingila, ta taso daga kudu. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya bar Zariya da sojoji fiye da 700, da manyan bindigogi da masu ruwan harsashi. Akasarin sojojin nan baƙaƙe ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Bebeji ta rufe ƙofa, aka fasa ta da igwa ranar 1 ga Fabrairu, labari ya riga su isa gaba, garuruwan da ke kan hanya suka watse ko suka buɗe ƙofa. Sarki Alu yana hanyar Sakkwato da mafi yawan dawakin Kano. Ranar 3 ga Fabrairu aka shiga birnin ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarkin Shanu, wanda Alu ya bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Kafin watan ya ƙare Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, daga baya aka kama Alu aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Abbas ya hau gadon sarautar Kano.

Ba a gwabza a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba a ranar, ta yamma aka ɓullo wa ganuwar. Amma abin da ya biyo baya su ya fi shafa. Turawa ba su zauna cikin birni ba. Sun sauka a Nassarawa da Bompai, gabas da ganuwa, a kan filayen noma. Daga ranar nan bayan gari ya daina zama wurin da ake gudu daga cikinsa, ya zama wurin da mulki yake zaune. Aka fara auna gonaki da taku ana rubutawa a littafi, ana yanka haraji da kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, shekara guda bayan nan cinikin gyaɗa ya ɓarke, manoman kewaye suka ba ta fili a gonakinsu domin ita ce mai kawo kuɗin haraji. Sai damina ta 1913 ta gaza. Yunwar da ta biyo baya, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano da arewacinta a 1914, shekarar da Turai ta faɗa yaƙinta na farko. A wannan yaƙin an kai sojojin Nijeriya Kamaru, sannan Afirka ta Gabas, tare da dubban 'yan ɗauko.

Yaƙin Hitila ya fi kusantowa. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, Chadi kuma ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle. Dare ɗaya Kano ta wayi gari tana kusa da iyakar da ba a amince da ita ba. Tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka koma sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, su kwana ko su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Manomin da ke sassabe a Tarauni yana ɗaga kai ya ga ayarinsu, wasu na Ingila wasu na Amurka, suna tafiya wani yaƙi a saharar Masar da Libiya.

A ƙasa kuwa nauyin ta hannun Hukumar En'e yake saukowa, zamanin Sarki Abdullahi Bayero: daga Razdan zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sannan ya tsaya a ƙofar gidan talaka. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza da man girki da take samu daga Gabas. Aka tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa aikin haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Aka matsa a noma gyaɗa, gwamnati ta ƙayyade farashinta, aka kuma riƙa karɓar hatsi don ciyar da soja da leburori. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Manomi yana sayar da gyaɗarsa da farashin da aka yanka masa, ya je sayen akoko da farashin da yaƙi ya yanka. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta a yau, wani ɓangare na tsayinta ya samo asali ne daga shekarun nan da bayansu, lokacin da jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da aka tara.

Sannan ga samari. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Bama, a kwarin Kaladan da dazuzzukan Arakan, suka ci Myohaung a Janairun 1945. 'Yan Arewa suna da yawa a cikinsu. Mutanen da suka saba da jigawa da hunturu aka jefa su dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, suna ɗauke da kayan yaƙi a ka ta inda mota ba ta bi. Waɗanda suka dawo an san su a unguwanni da tsohuwar rigar soja da labarin teku. Wasu suka zama 'yan doka, wasu direbobi, wasu masu gadi, wasu suka koma garma. Waɗanda ba su dawo ba, sunayen wasunsu suna sassaƙe a jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba.

A Faransa da wuya ka shiga ƙauye, komai ƙanƙantarsa, ba ka ga dutse a dandali ɗauke da sunayen 'ya'yan garin da suka mutu a yaƙi ba. Akwai wani ƙauyen manoma kusa da Verdun mai suna Fleury, mai mutum ɗari huɗu da 'yan kai. A 1916 ya sauya hannu tsakanin Faransawa da Jamusawa sau 16, har ba a bar bulo a kan bulo ba. Ba a sake gina shi ba, ƙasarsa cike take da harsasai da ƙasusuwa. Duk da haka har yau yana cikin jerin garuruwan ƙasar, ana naɗa masa magajin gari, an kafa alamu a inda gonar wane take da inda maƙerin gari yake. Ba na cewa mu kwaikwayi gumakansu; addininmu da al'adarmu suna da tasu hanyar tuna mamaci, addu'a da sadaka. Amma riƙe suna da riƙe iyakar gona ba su saɓa wa komai namu ba. Fleury ta ɓace a taswirar gine-gine ta zauna a ƙwaƙwalwar mutanenta. Namu garuruwan sun cika da gine-gine, labarinsu ne yake zubewa.

Domin abin da mayaƙa ba su yi ba, birni ya yi shi cikin shekara talatin. Tsarin raya Kano na 1963 zuwa 1983 ya shata inda gari zai faɗaɗa. Aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya buɗe tituna, ya kafa gidan namun daji, Zoo Road ta samu suna. Kuɗin fetur ya zo, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen birane hannun gwamna. Aka yanka gonaki fuloti-fuloti, aka biya diyyar amfanin gona da bishiyoyi, wadda sau da yawa ba ta isa sayen fuloti ɗaya a cikin gonar da aka karɓa ba. Wasu magidanta sun sayar da kansu tun kafin a zo, suka tafi Makka, suka yi wa 'ya'ya aure, suka wayi gari babu gona. Rukunin gidajen Kundila ya tashi, asibitin koyarwa da aka kafa a 1988 ya zauna a bakin Titin Zariya. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Tarauni mai faɗin murabba'in kilomita 28 tana da mutum fiye da 220,000. Wanda ya san wurin zai iya gane tsohon gari har yanzu: inda tituna miƙaƙƙu suka ƙare, lunguna suka fara karkacewa, aka ga tsohon masallaci da zaure da wata kuka da ta tsira, nan ne ƙauyen yake.

Yaƙi kuwa bai manta hanyar ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da yamma, Boko Haram ta kai hare-hare wurare da dama a Kano lokaci guda, aka kashe mutum aƙalla 185. Ofishin 'yan sanda da na fasfo da ke Farm Centre suna cikin wuraren da aka kai wa harin. A nan aka harbe Enenche Akogwu, ɗan jaridar Channels, yana bakin aikinsa. Aka sa dokar hana fita, shingayen bincike suka cika Titin Zariya da na Maiduguri, mai babur ya riƙa sauka yana tura abin hawansa in ya zo gaban soja. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Janairu 2013, aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta a Hausawa, kusa da Masallacin Murtala. Sarki ya tsira, direbansa da wasu dogarawansa suka rasa rayukansu. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, dubban 'yan acaɓa suka rasa abin yi, cikinsu har da jikokin masu jakunan taki. Wannan karon babu ganuwar da za a ruga a shige.

Takardun awon gonaki da rahotannin haraji na gundumomin kewayen birni suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wasu bayanan kuma a Gidan Ɗan Hausa da Arewa House. A gidajen dagatai da masu unguwanni na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku akwai dattawan da suka yi noma a inda shaguna suke yau, waɗanda za su iya nuna maka iyakar gonar ubansu da sanda, su faɗa maka gidan da aka ɗauki soja zuwa Bama da gidan da bai sake ganin nasa ba. Mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Jami'ar Bayero tana da sashen tarihi da na nazarin ƙasa, kuma daga tsohuwar harabarta zuwa Gyaɗi-Gyaɗi kuɗin Adaidaita ɗaya ne.